Emilie du Chatelet: Matar da ta yi gardama kan lissafin gudu tun ba a ƙera mota ba

A duk inda aka yi haɗarin mota, jama'a suka taru suna salati a gaban ƙarafan da suka murɗe, da wuya a watse ba a ji wani ya ce gudu ne ya jawo ba. Wannan kowa ya yarda da shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne adadin ɓarnar da gudun yake ƙarawa.

Yawancinmu muna ɗauka cewa direban da ya tashi daga gudun kilomita 50 a awa ya koma 100 ya ninka ƙarfin karonsa sau biyu ne. Lissafi bai ce haka ba. Ƙarfin da zai lanƙwasa ƙarfe ya karya ƙashi ya ninku sau huɗu. Idan kuwa ya kai 150, sau tara ke nan.

Wannan ƙa'ida ta girmi mota nesa ba kusa ba. Manyan masanan Turai sun shafe fiye da shekara 50 suna jayayya a kanta, kuma cikin waɗanda suka tsaya kai da fata wajen kare ta akwai wata mata 'yar ƙasar Faransa mai suna Emilie du Chatelet. Ta rasu a 1749, shekara 137 kafin Carl Benz ya yi rajistar motarsa ta farko a Jamus a 1886. Ba ta taɓa ganin mota ba, amma lissafin da ta kare yana cikin abin da masu binciken haɗurra ke aiki da shi har gobe.

'Yar gidan bafade

An haifi Gabrielle Emilie Le Tonnelier de Breteuil a birnin Paris ranar 17 ga Disamba, 1706. Mahaifinta babban bafade ne a fadar Sarki Louis na 14, shi ne mai shigar da jakadun ƙasashen waje gaban sarki. Gidansu gidan arziki ne, inda marubuta da masana ke zuwa hira.

A Faransa ta wancan zamani, 'ya mace a gidan manya akan koya mata rawa da kiɗa da ladubban zaman fada, sai ɗan karatun addini, daga nan a yi mata miji. Jami'o'i ba sa ɗaukar mata. Mahaifin Emilie ya saɓa wa wannan al'ada, ya ɗauko mata malamai har gida. Ta ƙware a Latin, harshen da ake rubuta manyan littattafan ilimi da shi a Turai a lokacin. Ta iya Italiyanci, daga baya ta ƙara da Ingilishi. Sai dai lissafi ne ya fi kwanta mata a rai.

A watan Yunin 1725, tana da shekara 18, aka ɗaura mata aure da Florent-Claude du Chatelet, wani hafsan soja ɗan tsohon gidan sarauta, wanda ya girme ta da fiye da shekara goma. Aure ne na haɗin iyaye, kamar yadda aka saba a tsakanin masu sarauta. Ta haifa masa 'ya'ya uku, mace ɗaya da maza biyu. Na ƙarshen ya rasu yana jariri a 1734.

Mijin yakan daɗe a sansanin soja, ita kuma tana Paris cikin harkokin fada. Tana son ado da gwala-gwalai, tana waƙa a wasannin kwaikwayo, tana kuma caca, wadda ta sha jefa ta cikin bashi mai nauyi. Masu yi mata hassada sun riƙe waɗannan a matsayin makamin yi mata ba'a har bayan ranta.

Komawa karatu

A 1733, tana da shekara 26, ta koma wa lissafi gadan-gadan. Ta ɗauki Pierre-Louis Maupertuis, ɗaya daga cikin fitattun masana lissafi na Paris, ya riƙa koya mata. Daga baya ta ƙara da Alexis Clairaut, wani matashi da ya shiga Majalisar Kimiyya ta Paris tun yana ɗan shekara 18.

Ita wannan majalisa, wadda ke tattara manyan masanan ƙasar, ba ta ɗaukar mace. Ba ta ɗauki mace a matsayin cikakkiyar mamba ba sai a 1979. Hatta shagunan shan gahawa da masanan ke haɗuwa suna muhawara, maza kaɗai ke shiga. Labarin da masu tarihi ke yawan kawowa shi ne, da aka hana Emilie shiga wani shago mai suna Gradot, inda malaminta ke zama da abokansa, sai ta sa aka ɗinka mata kayan maza, ta dawo ta zauna a cikinsu.

A shekarar ce kuma ta shaƙu da Voltaire, marubucin da ya fi kowa suna a Faransa a ƙarnin. Alaƙarsu ta haɗa soyayya da aikin ilimi, kuma mijinta ya sani, domin irin wannan zama ba baƙon abu ba ne a tsakanin manyan Faransa na lokacin. A 1734 hukuma ta ba da umarnin kama Voltaire saboda wani littafinsa da ya yabi tsarin Ingila ya soki na gida. Emilie ta ɓoye shi a wani tsohon gidan mijinta da ke ƙauyen Cirey, a gabashin ƙasar, kusa da iyakar Lorraine, inda zai iya tsallakewa idan an zo kama shi.

Sun gyara gidan, suka tara dubban littattafai, suka sayo kayan gwaje-gwaje. Cirey ya zama wata ƙaramar makaranta da masana daga sassan Turai ke aiko wa wasiƙu, wasu ma su zo da kansu. A nan Voltaire ya rubuta littafinsa na 1738 da ya sauƙaƙa wa Faransawa ilimin Isaac Newton, kuma shi da kansa ya amsa cewa da taimakonta ya yi, domin ta fi shi zurfi a lissafi.

A daidai wannan lokaci Majalisar Kimiyya ta sa gasar rubutu a kan mene ne ainihin wuta da yadda take yaɗuwa. Voltaire ya shiga. Emilie ta ga ba ta gamsu da hujjojinsa ba, sai ta shiga ita ma a ɓoye, tana rubutu cikin dare. An ruwaito cewa takan tsoma hannu a ruwan ƙanƙara don kada barci ya ɗauke ta. Dukkansu ba su ci ba. Leonhard Euler da wasu mutum biyu ne suka raba kyautar a 1738. Amma majalisar ta buga rubutunta, abin da ba ta taɓa yi wa wata mace ba.

Gardamar da ta raba kan masana

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalinta mai sauƙin faɗa ce: idan abu yana tafiya, da me za a auna ƙarfin da ke tare da shi?

Rene Descartes, babban masanin Faransa da ya rasu a 1650, ya ce a ɗauki nauyin abin a ninka shi da gudunsa. Abin da ya fito shi ne adadin motsi. Newton ya gyara wannan ma'auni, ya gina dokokinsa na motsi a kansa a littafinsa na 1687. Shi ne abin da ɗaliban kimiyya suka sani yau da suna momentom.

A 1686, masanin Jamus Gottfried Leibniz ya buga wata maƙala ya ce Descartes ya yi kuskure. A ganinsa, gudu sau biyu yake shiga lissafi: nauyi sau gudu sau gudu. Daga baya ya raɗa wa wannan ma'auni suna rayayyen ƙarfi. Hujjarsa ita ce, idan ka jefa dutse sama, sannan ka sake jefa shi da ninkin gudun farko, tsawon da zai kai zai ninka na farko sau huɗu.

Ga bambancin a misali. Amalanke mai kilo 100 tana gudun mita 2 a daƙiƙa, wata mai kilo 200 tana gudun mita 1. A ma'aunin Descartes duka biyun 200 ne, kunnen doki. A ma'aunin Leibniz ta farko 400 ce, ta biyu 200. Ƙaramar mai sauri ta ninka babbar.

Siyasa ta shiga maganar. Newton da Leibniz sun riga sun ɓata a kan wanda ya fara gano wani reshe na lissafi, saboda haka Ingilawa suka bi nasu, Jamusawa suka bi nasu. Yawancin masanan Faransa kuma suka tsaya a bayan Descartes. Duk wanda ya goyi bayan Leibniz a Paris, kallon ɗan bin baƙi ake yi masa.

Ƙwallon tagulla da ɗanyen yumɓu

Abin da ya gamsar da Emilie wani gwaji ne da ido ke iya gani. Willem 's Gravesande, farfesa a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, mabiyin Newton ne na gaske. Ya samo ƙwallaye na tagulla, girmansu ɗaya amma nauyinsu ya bambanta, yana sako su daga tsawo iri-iri su faɗa a kan ɗanyen yumɓu, sannan ya auna girman ramin da kowanne ya yi.

Ƙwallon da ya iso da ninkin gudu ya lotsa yumɓu ninki huɗu. Wanda ya iso da gudu sau uku ya lotsa shi ninki tara. Sakamakon ya ci karo da ra'ayin da mutumin ya daɗe a kai, amma ya buga shi a 1722, ya amsa cewa Leibniz ne ke da gaskiya a wannan gaɓa. Kafin shi ma, Giovanni Poleni ya yi makamancin gwajin a birnin Padua na Italiya.

Emilie ba ita ta ƙirƙiro ƙa'idar ba, ba kuma ita ta fara gwajin ba. Aikinta shi ne ta haɗa lissafin Leibniz da shaidar yumɓu wuri guda, ta bayyana su da Faransancin da mai karatu zai gane, ta kuma ajiye su a gaban mutanen da ba sa son ji. Ta yi haka ne a littafinta Institutions de physique na 1740, wanda ta tsara a matsayin darasi ga ɗanta mai shekara 13. Bugun farko bai ɗauki sunanta ba. A babin ƙarshe ta ɗauko hujjojin masu adawa da rayayyen ƙarfi ɗaya bayan ɗaya tana warwarewa.

Littafin bai fito lami lafiya ba. Samuel Koenig, wani malamin lissafi da ta ɗauka ya koyar da ita a 1739, ya riƙa yaɗa cewa darussansa ne ta kwashe ta buga. Ta musanta, kuma masu tarihi sun nuna cewa ta riga ta yi nisa da rubutun kafin ya zo gidan. Amma a zamanin da ake ganin mace ba za ta iya irin wannan aiki ba, zargin ya samu masu saurare.

Karo da sakataren majalisa

Cikin waɗanda ta soki hujjarsu har da Jean-Jacques Dortous de Mairan, wanda ya zama sakataren Majalisar Kimiyya ta Paris a daidai lokacin, wato mai magana da yawun masanan ƙasar. A farkon 1741 ya buga mata buɗaɗɗiyar wasiƙa cikin salon raini, yana nuna ba ta karanta shi da kyau ba, kuma wasu ne suka juya mata tunani.

Hujjar ɓangarensa ta dogara ne a kan lokaci. Sun yarda dutsen da aka jefa da ninkin gudu yana kai tsawo ninki huɗu, amma suka ce ai ya ɗauki ninkin lokaci kafin ya kai, saboda haka idan aka raba, ƙarfinsa ninki biyu ne kawai.

Emilie tana birnin Brussels a lokacin, tana bin wata shari'ar gado ta dangin mijinta. Cikin 'yan makonni ta mayar da martani a rubuce, ta bi wasiƙarsa gaɓa-gaɓa. Matsayinta shi ne, ƙarfin abu ana gane shi ne daga aikin da ya yi kafin ya tsaya: yawan abin da ya ture, ya lotsa ko ya karya. Ko ya yi aikin nan take ko ya ɗauki lokaci, ramin da ke cikin yumɓu yana nan yadda yake. Mairan bai sake amsawa ba.

Hatta Voltaire ba ya tare da ita a wannan magana, domin shi ɗan a-mutun Newton ne, kuma ya rubuta wa majalisar nasa ra'ayi na goyon bayan tsohon ma'auni. Hakan bai sa ta janye ba. Ta sake buga littafin a 1742, aka fassara shi zuwa Jamusanci da Italiyanci a 1743. A 1746 Majalisar Kimiyya ta Bologna a Italiya ta ɗauke ta mamba, abin da ta garinsu ba ta yi ba. Immanuel Kant, wanda daga baya ya zama babban masanin falsafar Jamus, a kan wannan gardama ya rubuta littafinsa na farko, kuma ya tattauna musayar da ta yi da Mairan a ciki.

To wa ya yi gaskiya?

Daga ƙarshe an gane cewa ɓangarorin biyu abu biyu daban suke aunawa, kuma kowanne yana da amfaninsa. Nauyi sau gudu yana faɗa maka wanda zai ture wani idan aka yi karo, da inda za su nufa bayan karon. Nauyi sau gudu sau gudu yana faɗa maka yawan ɓarnar da za a iya yi, da nisan da abu zai ci kafin ya tsaya. A 1829 wani injiniyan Faransa, Gaspard Coriolis, ya daidaita ma'auni na biyun ya zama rabin wancan adadi. Shi ne ake kira makamashin motsi a yau.

Babu inda ma'aunan biyu ke fitowa fili a rayuwarmu kamar a kan kwalta. A ɗauki tirela mai nauyin tan 30 da ƙaramar mota mai tan ɗaya da rabi, kowacce tana gudun kilomita 60, suka yi taho-mu-gama suka manne da juna. Ma'aunin farko ya nuna za su ci gaba da tafiya ta inda tirelar ta nufa da gudun kusan kilomita 54. Tirelar ta rage kilomita 6 kacal. Ƙaramar motar kuwa ta tashi daga 60 gaba ta koma 54 baya, canjin kilomita 114 cikin ƙiftawar ido. Wannan canji na farat ɗaya shi jikin fasinja ke ɗauka, shi ya sa direban tirela kan fito da ƙafarsa alhali na ƙaramar mota ba su kai labari ba.

Ma'auni na biyu, wanda Emilie ta kare, shi ke bayyana illar gudu. Motar da ta daki bango da gudun kilomita 50 daidai take da wadda ta faɗo daga tsawon mita 10, kamar rufin bene mai hawa uku. A gudun 100, tsawon ya kusa mita 40. A gudun 120, ya haura mita 56.

Birki ma wannan doka yake bi, domin aikinsa shi ne ya cinye makamashin motsi ya mayar da shi zafi. A kan busasshiyar kwalta, motar da ke da birki da tayoyi masu kyau tana buƙatar kimanin mita 14 ta tsaya daga gudun 50, bayan direba ya taka. Daga gudun 100 tana buƙatar kimanin mita 55. Wannan ban da tazarar da ta ci kafin ƙafar direban ta kai ga birkin.

Mutane kan yi ƙorafin cewa motocin yanzu gwangwani ne, da an taɓa su sai su lotse. Da gangan aka yi su haka. Wani injiniyan kamfanin Mercedes, Bela Barenyi, shi ya fito da dabarar a sa gaba da bayan mota su riƙa lanƙwashewa, ɗakin fasinja kuma ya kasance mai ƙarfi. Ƙarfen da ya lotse ya yi aikin yumɓun Leiden ne, ya shanye ƙarfin da zai isa ga ƙirjin mutum. Bel ɗin kujera mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wanda Nils Bohlin ya tsara wa kamfanin Volvo a 1959, shi kuma yana riƙe mutum ne ya tsaya tare da motar, maimakon ya ci gaba da tafiya shi kaɗai ya daki sitiyari ko gilashi.

Haka lamarin yake ga yaron da aka rungume a kujerar gaba. Idan mota mai gudun 50 ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, yaro mai kilo 10 zai fizge daga hannun mai riƙe da shi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 140, kusan buhun siminti uku. Babu uwar da hannunta zai iya riƙe wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4 cikin 100. Iyakar gudun da dokar hanya ta Najeriya ta sa wa ƙananan motoci, kilomita 50 a cikin gari da 100 a kan babbar hanya mai tagwayen layi, daga irin wannan lissafi ta samo tushe.

Tsere da ajali

Gardamar rayayyen ƙarfi ba ta sa Emilie ta juya wa Newton baya ba. Wajen 1745 ta ɗauki aikin da ya fi kowanne girma a rayuwarta: fassara babban littafinsa, Principia, daga Latin zuwa Faransanci. Littafi ne mai tsauri, wanda ko a cikin masana kaɗan ne ke iya bin lissafinsa. Bayan fassarar, ta ƙara masa dogon sharhi, inda ta sake warware wasu hujjojin da sabon salon lissafi, ta kuma kawo binciken da aka yi bayan Newton.

A 1748, a fadar Luneville da ke Lorraine, ta shiga soyayya da wani matashin hafsa kuma mawaƙi, Jean-Francois de Saint-Lambert. A farkon 1749 ta gane tana da ciki, tana da shekara 42. A wancan zamani haihuwa a irin waɗannan shekaru abar tsoro ce ƙwarai, kuma wasiƙunta sun nuna tana jin ba za ta tashi ba.

Sai ta koma Paris ta rufe kanta. Ta daina zuwa taruka, ta rage barci zuwa 'yan awanni, tana aiki tun safe har tsakar dare, Clairaut yana zuwa suna duba lissafin tare. Abin da take tsoro shi ne ta mutu ta bar aikin rabi, a watsar da takardun. Da cikin ya tsufa ta tafi Luneville da takardunta, ta ci gaba da rubutu har zuwa kwanakin ƙarshe.

Ta haifi 'ya mace ranar 4 ga Satumba, 1749. Da farko kamar komai lafiya. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe ta. Kafin rai ya yi halinsa ta tabbatar an aika da rubutun zuwa ɗakin karatu na sarki a Paris don a adana shi. Ta rasu ranar 10 ga Satumba, mijinta da Voltaire da Saint-Lambert duk suna garin. Jaririyar ma ba ta cika shekara biyu ba ta bi ta. An binne Emilie a cocin Saint-Jacques da ke Luneville.

Bayan ranta

Clairaut ne ya kula da buga fassarar. Wani ɓangare ya fito a 1756, cikakken littafin kuma a 1759, shekarar da tauraro mai wutsiya na Halley ya dawo kamar yadda lissafin Newton ya nuna zai dawo. Wannan ya sa mutane suka yi ta neman littafin. Har yau fassararta ce Faransawa suka fi dogara da ita wajen karanta Newton.

Duk da haka, an shafe kusan ƙarni biyu ana ambatonta a matsayin masoyiyar Voltaire kawai. Sai a ƙarni na 20 masu bincike suka koma kan littattafanta da wasiƙunta, suka mayar mata da matsayinta na masaniya mai cin gashin kanta. Ɗan da ta rubuta wa littafin kimiyya ya girma ya zama janar kuma jakadan Faransa a Ingila, kafin a fille masa kai a 1793 lokacin juyin juya halin ƙasar.

Akwai wani lissafi ɗaya da ya fito kai tsaye daga ƙa'idar da ta kare, wanda ya kamata duk mai riƙe sitiyari ya sani. Motoci biyu iri ɗaya suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya tana gudun 80, ɗaya tana 100. Wata babbar mota ta lalace a gabansu ta tare hanya, direbobin biyu suka taka birki a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Mai gudun 80 ya samu ya tsaya dab da ita, bai taɓa ta ba. Hankali zai ce ɗayan zai dake ta da gudun 20, tunda tazarar da ke tsakaninsu ke nan. Lissafi ya ce da gudun kilomita 60 zai dake ta.